Shawara ga masu zuwa hutu kusa da Keswick

Jama'a, duk mai niyyar kai iyali yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila, ya nemi masauki a ƙauye irin Braithwaite, mil biyu da ɗoriya daga garin Keswick. Wurin shiru yake, sai kukan tumaki da gudun ruwan rafi.

Babu tashar jirgin ƙasa a Keswick. Ku sauka a Penrith, ku hau bas X4 ko X5. Kasuwar garin tana ci Alhamis da Asabar, akwai burodi, cuku da kayan lambu. Amma naman halal, don Allah ku taho da shi a kula daga Manchester ko Preston, samunsa a can akwai wuya.

Rigar ruwa dole ce, ko a watan Yuli. Rana ta fito mana tas da safe, kafin azahar mun jiƙe sharkaf a bakin tafkin Derwentwater, ƙaramin yarona har haƙoransa na kaɗawa. Ku sauke taswira a waya tun daga gida, sabis yakan ɗauke a kwarin Borrowdale. In kun buɗe ƙyauren gona a hanya, ku mayar ku rufe, dabbobin mutane na ciki.