Yadda ake amfani da sunadaran saƙo na garkuwar jiki wajen maganin ciwon daji

Fararen ƙwayoyin jini suna aika wa juna saƙo ta hanyar wasu ƙananan sunadarai da likitoci ke kira saitokin, kuma su ne ke umartar ƙwayoyin yaƙi su hayayyafa, su taru, ko su ja da baya. Ana haɗa wasunsu a ɗakin gwaje-gwaje a mayar da su allura, amma ba kowane ciwon daji suke yi wa amfani ba, ba kuma kowane majiyyaci ne zai iya jure su ba. Duk iyalin da ke jinya a Legas, ko a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ko a LASUTH da ke Ikeja, ya kamata su fahimci wannan kafin su fara sayar da kadara.

Abu na farko shi ne a tabbatar da nau'in ciwon, ta hanyar yankar ɗan nama a duba shi, sannan a ɗauki hoto domin a ga inda ya bazu. Saitokin mai suna intalukin-2, wanda aka gano a 1976, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1992 domin ciwon dajin ƙoda da ya bazu, sannan a 1998 domin ciwon dajin fata mai suna melanoma. Wani saitokin kuwa, intafiron-alfa, ya samu amincewa tun 1986 domin wani nau'in sankarar jini da ba a cika samu ba.

Daga nan sai a tambayi likita kai tsaye: wannan allurar ciwon za ta yaƙa, ko jiki za ta tallafa? Tambayar tana da muhimmanci, domin filgrastim ma saitokin ne, amma aikinsa shi ne ƙara yawan fararen ƙwayoyin jini bayan an yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, ba ya kashe ciwon.

Intalukin-2 mai ƙarfi shi ne ya fi buƙatar shiri. Kafin a fara sai an gwada zuciya da huhu da ƙoda, domin maganin yana sa ruwa ya riƙa tsatsafowa daga ƙananan jijiyoyin jini, jiki ya kumbura, awon jini ya yi ƙasa, fitsari ya ragu, zazzaɓi mai zafi ya taso. Ana ba da shi ta jijiya duk bayan awa 8 na tsawon kwana 5, ba a wuce sau 14 ba, kuma sau da yawa likita yakan tsayar kafin a kai ƙarshe. Saboda haka ba a yin sa sai a asibitin da ke da ɗakin kulawa ta musamman. A binciken da aka dogara da shi wajen amincewa da maganin, kusan mutum 15 cikin 100 ne ciwonsu ya ragu, wajen 6 zuwa 7 daga cikin waɗannan kuma ya ɓace gaba ɗaya, wasunsu har tsawon shekaru. A ganina wannan adadin ne ya kamata iyali su ji daga bakin likita tun kafin a yi maganar kuɗi.

Intafiron ya fi sauƙin bayarwa, amma yana kawo ciwon jiki da kasala, wani lokaci har da ciwon damuwa, don haka a sanar da likita idan majiyyaci ya taɓa fama da shi, ko yana da ciwon hanta. A kuma faɗi duk maganin da ake sha, har da na gargajiya, musamman irin su prednisolone da ake saya a kemis, domin suna dakushe aikin intalukin-2.

Yana da kyau a tambaya ko akwai zaɓin da ya fi, domin tun daga 2014 sababbin magungunan garkuwar jiki irin su pembrolizumab sun karɓe yawancin aikin intalukin-2 da intafiron. Idan an rubuta allurar, a saye ta inda asibiti ya amince, a duba lambar NAFDAC, a ɗauko ta cikin kula mai ƙanƙara ba tare da ta daskare ba, a ajiye ta tsakanin digiri 2 zuwa 8. Inda wuta ba ta tsayawa, gara a bar ta a firjin asibiti.