Yadda ake ɗanɗana farar giyar alkama irin ta Beljiyam a zafin Legas

Wanda ya saba da giyar da ake yi a Iganmu ko a Ikeja, wadda take garau har ana hango yatsa ta bayan kofi, idan aka ajiye masa farar giyar alkama a karon farko yakan ɗauka ta lalace, domin launinta hazo-hazo ne, kamar kunun zaƙin da aka sirka da ruwa. Ba lalacewa ba ce, haka ake yin ta. Na rubuta wannan bayani ne domin 'yan Arewa mazauna Legas waɗanda addininsu bai hana su sha ba, da kuma masu aiki a otal-otal na Victoria Island da Lekki waɗanda baƙi kan tambaye su game da ita. Musulmin da ke irin wannan aiki ba sai ya kai ta baki ba, domin ido da hanci sun ishe shi gane mafi yawan abin da za a faɗa a nan.

Kafin a buɗe kwalba yana da kyau a san abin da ke cikinta. Sunanta a yaren Filemish na arewacin Beljiyam shi ne witbier, wato farar giya, kuma ana yin ta ne da tsiron sha'ir da ɗanyar alkama wadda ba a tsirar da ita ba, kusan rabi da rabi, sannan a ƙara 'ya'yan koriyanda, wani kayan ƙamshi na girki, da busasshen ɓawon lemo. Ba a tace ta sosai, saboda haka yis da sinadarin alkama suke shawagi a ciki, su ne hazon da ake gani. Cibiyarta wani ƙauye ne mai suna Hoegaarden a gabashin birnin Brussels, inda sana'ar ta mutu a 1957 da aka rufe gidan giya na ƙarshe mai yin ta, har sai da wani mai sayar da madara, Pierre Celis, ya farfaɗo da ita a 1966 da giyar da ke ɗauke da sunan ƙauyen. Gobara ta cinye masana'antarsa a 1985, daga nan kuma ta faɗa hannun babban kamfanin da a yau ya zama AB InBev. A Amurka, Keith Villa ya ƙirƙiro Blue Moon a birnin Denver a 1995 ƙarƙashin kamfanin Coors, Faransawa kuma suna da 1664 Blanc mai shuɗiyar kwalba. Waɗannan su ne irin na manyan kamfanoni, kuma ƙarfin barasarsu bai yi nisa da juna ba: Hoegaarden kashi 4.9 cikin ɗari, 1664 Blanc kashi 5, Blue Moon kashi 5.4.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai ɗanɗanawa a Legas shi ne halin da kwalbar ta shiga kafin ta iso gabansa, domin wannan giya ba ta da juriya. Ta keto teku a cikin kwantena, wataƙila ta yi makonni a Apapa ko Tin Can rana tana dukanta, sannan ta zauna a kantin da wuta take zuwa tana ɗaukewa. Zafi da daɗewa suna kashe ƙamshin lemo da koriyanda tun kafin komai, su kuwa su ne dalilin sayenta. Saboda haka a duba ranar ƙarewar wa'adi, a zaɓi wadda ta fi nisa, a duba lambar NAFDAC, a kuma guji kwalbar da aka jera inda hasken rana ke faɗa mata, domin haske yana juya sinadarin furen hops, wanda ake sa wa giya don ɗaci da ƙamshi, zuwa wani wari mara daɗi. Gwangwani ya fi kwalba tsaro ta wannan fuska. A ganina, mutane da yawa da suka ce sun gwada ba ta yi musu ba, gajiyayyar kwalba suka sha suka yanke wa giyar hukunci.

A tsayar da kwalbar a firiji ta kwana, kada a kwantar da ita. Sanyin da ya dace shi ne tsakanin digiri 4 zuwa 7. Al'adarmu ta nan ita ce a nemi wadda ta yi ƙanƙara har kwalba ta yi fari, wanda ya dace da giyar da ake sha don kashe ƙishi, amma irin wannan sanyi yana toshe ƙamshi ya kuma kashe harshe. Idan ta yi sanyi ƙwarai a ajiye ta minti biyar, zafin garin zai yi sauran aikin. Kofin gilashi kuwa ya zama mai faɗin baki, wanda aka ɗauraye sosai, domin ɗigon mai ko sauran sabulu yana kashe kumfa nan take. Hoegaarden tana da nata tambulan mai kauri mai kusurwa shida, amma kowane tsabtataccen tambulan zai yi.

Zubawa ita ce inda aka fi kuskure. A karkata kofi, a zuba a hankali har kusan kashi biyu cikin uku na kwalbar, sai a tsaya. A juya abin da ya rage a cikin kwalbar sau uku ko huɗu, juyi na hankali ba girgizawa ba, domin yis ɗin da ya kwanta a gindi ya tashi, sannan a miƙe kofin a juye sauran a tsakiya. Wanda ya bar wannan a gindin kwalba ya zubar da rabin ɗanɗanon. Kumfar ta kai kaurin yatsu biyu, fara tas, mai laushi, kuma alkama tana sa ta daɗe ba ta faɗi ba. Daga nan a ɗaga kofin wajen haske: Hoegaarden fari-fari take kamar bushasshiyar ciyawar rani, Blue Moon kuwa ta fi karkata zuwa ruwan lemo.

A shinshina kafin a kurɓa, gajeren shinshine sau biyu ko uku, domin hanci yana saurin sabawa. Abin da ake nema shi ne ƙamshin ɓawon lemo, da na koriyanda wanda yake tsakanin lemon tsami da masoro, da wani ƙamshi a ƙasa mai kama da kwaɓin burodi. A nan ne ake bambanta su. Hoegaarden tana amfani da ɓawon lemo mai ɗaci irin na tsibirin Curaçao, shi ya sa ƙamshinta ya fi kaifi, ita kuwa Blue Moon da ɓawon lemon zaƙi na Valencia ake yin ta, har da ƙarin hatsin ots, saboda haka ta fi zaƙi da kauri. Idan ƙamshin ayaba da kanumfari ne ya rinjaya, to mai yiwuwa ta Jamus ce aka ba ka, wadda ake yi da tsiron alkama ba tare da kayan ƙamshi ba, yis ɗinta ne yake ba da wannan ƙamshi.

Sai kurɓa. Kurɓin farko na wanke baki ne, kada a yi hukunci da shi. A na biyu a bar ta ta zagaya harshe na ɗan lokaci kafin a haɗiye, sannan a fitar da numfashi ta hanci. A lura da abubuwa a jere yadda suke zuwa: ɗan zaƙin hatsi a farko, laushi kamar na madara a tsakiya tare da tsikarin iskar da ke cikinta, sannan ɗan tsami a ƙarshe wanda ke barin baki wasai. Ɗaci kaɗan ne ƙwarai, bai kai ko kusa da na baƙar giya ba. Wanda ya taso a Filato ko Kudancin Kaduna ya san burkutu zai ji wata 'yar dangantaka a hazon da tsamin, sai dai tsamin wannan bai kai rubu'in na burkutu ba.

Tambayar da ya kamata mai ɗanɗanawa ya yi wa irin ta manyan kamfanoni ita ce yadda take ƙarewa. An tsara su ne domin su yi wa kowa daɗi, don haka sukan rage tsami su ƙara zaƙi, kuma wani lokaci ƙamshin lemon yakan yi kama da na alawa maimakon na ɓawon da aka ɓare yanzu. Idan bayan haɗiyewa zaƙi ya manne a harshe har rabin kofi ya gundure ka, wannan rauni ne na girkin. Idan kuwa ka ji ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali, ko ta yi lami babu ƙamshi, wannan laifin ajiya ne, sai a sake gwadawa da wata kwalbar daga wani kanti. A bar sauran kofin ya ɗan huce na minti goma a sake kurɓa, domin aibin da sanyi ya ɓoye a lokacin yake fitowa.

Yankin lemon da ake maƙalawa a bakin kofi dabara ce da Blue Moon ta yaɗa a Amurka, ba tsohuwar al'adar Beljiyam ba ce. Ni dai shawarata a cire shi a kofin farko, domin yana rufe ƙamshin giyar, man ɓawonsa kuma yana karya kumfa.

Kada a ci tsire ko kilishi kafin a gama ɗanɗanawa, domin yaji da ƙuli-ƙuli sukan mamaye harshe. Ruwa da busasshen burodi sun isa tsakanin kofi da kofi. Bayan an gama, gasasshen kifi da aka matsa wa lemon tsami shi ne ya fi dacewa da ita, farfesun kifi ma yana tafiya da ita idan barkonon bai yi yawa ba. Wanda zai kwatanta iri biyu ko uku a zama ɗaya ya raba kowace kwalba da abokin zama, ya fara da Hoegaarden kafin masu zaƙi, kuma ya bar tuƙi ga wanda bai sha ba.