Yadda yaron shago zai amsa umarnin maigida mai zafi ba tare da an kai ga sa-in-sa ba

Duk shekara, da azumi ya kama, iyaye sukan kawo yara Kantin Kwari a ɗora su a shaguna, domin lokacin ne ciniki ke tashi, 'yan sari daga Maraɗi da Damagaram da Njamena su cika layuka suna neman kayan Sallah. Kafin Babbar Sallah ta zagayo, da yawa cikin yaran nan sun koma gida. In ka bincika, abin da ya kore su bai wuce magana ɗaya ba: maigida ya daka tsawa, yaro ya mayar. Na yi shekara bakwai a ƙarƙashin mutum mai zafi kafin ya sallame ni da jarina, kuma abin yana ci mini rai in ga yaro mai amana ya rasa sana'a saboda bai iya amsa umarni ba. Ba zan tsaya kan gaisuwa da sammako da sharar shago ba, wanda aka kawo kasuwa ya san waɗannan tun daga gida.

Mataki na farko: ka ce "To, Alhaji" kuma ka motsa. Yara da yawa suna jin kamar "to" tana nufin sun yarda an taka su. Abin da take nufi kawai shi ne ka ji. Mai zafin umarni abin da yake dubawa a daƙiƙar farko shi ne ko maganarsa ta sauka, kuma shirun da ka yi kana haɗiye fushi, shi a wajensa raini ne. Ajiye wayar, ka miƙe. Kada ka tsare shi da ido. Sannan ka kula da abin da jikinka ke faɗa, domin cin magani da tsaki da ƙunƙuni da jan ƙafa a kan matakalar sito duk mayar da magana ne, kuma sun fi baki ƙona rai, tunda ba zai iya kama ka da kalma ba balle a yi ta ta ƙare.

Mataki na biyu: ka maimaita masa aikin a taƙaice. "Dila biyu ta shadda, daga sito na sama ko, Alhaji?" Wannan yana tsame aikin daga cikin tsawar, sai ka tafi da aikin ka bar tsawar a nan. Sau da yawa ma da ya ji maganarsa a bakinka zai gyara da kansa, ya ce a'a, ɗaya ta isa. Ni a wajena doka ce yaro ya riƙe ƙaramin littafi da biro a aljihu. Kuɗinsu bai kai na abincin rana ɗaya ba. Kada ka ce a waya za ka rubuta, domin duk maigidan da ya ga kanka a sunkuye kan waya, hira yake ɗauka kana yi.

Mataki na uku shi ne inda ake faɗuwa, kuma nan na faɗi: in umarnin kuskure ne, kai kuma ka sani. Wata rana wani ɗan sari ya zo, maigidana ya ce in ƙirga masa turmi ashirin na atamfa bashi. Ni ke riƙe da littafin bashi, na san akwai tsohon kuɗi a kansa da ya haura wata huɗu. Sai na ce, a gaban mutumin, a gaban maƙwabtanmu biyu da ke zaune kan benci: "Ai Alhaji bai biya na baya ba." Gaskiya na faɗa, kuma don in kare dukiyarsa na faɗa. Amma da jimla ɗaya na kunyata baƙo, na kuma nuna wa jama'a cewa maigida bai san abin da ke cikin littafinsa ba. Ya dube ni ya ce, "Ni da kai wa ke da shagon?" Ya sa na ƙara turmi goma a kai. A ranar aka karɓe littafin daga hannuna, sai da na yi watanni ina dakon kaya kafin ya dawo.

Na daɗe ina ganin an zalunce ni kafin na fahimci abin da na yi. Kafin in buɗe baki, magana ce ta atamfa da bashi, kuma maigida zai iya janyewa ba tare da ya rasa komai ba. Da na yi magana a gaban mutane, sai ta koma maganar wa ke da iko a shagon, kuma babu maigidan da zai bari yaronsa ya ci wannan, ko da zai yi asarar turmi talatin. Ni na toshe masa hanyar janyewa.

Ga yadda ya kamata a yi. Ka ce "To, Alhaji," ka fara sauko da kayan. Ƙirga turmi ashirin da jera su da ɗaure su yana cin lokaci, wannan lokacin naka ne. Ka ɗauko littafin, ka buɗe shafin mutumin, ka kai kusa da hannun maigida, ka rage murya: "Alhaji, a ƙarƙashin na baya zan rubuta, ko in buɗe sabon shafi?" Idonsa zai faɗa kan tsohon kuɗin. Yanzu shi ya gani, ba kai ka gaya masa ba. In ya ga dama ya ce wa baƙon ya fara rage wani abu, in ya ga dama ya ba shi don wani dalili da kai ba ka sani ba, wataƙila mu'amalar shekara ashirin ce tsakaninsu.

A farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira tsabar kuɗi ta yi wuya, kowa ya koma tiransifa, na ga wani yaro a layinmu ya yi wannan da kyau. Maigida ya ce a miƙa kaya, mai saye na nuna rasit a wayarsa, alat kuma bai shigo ba. Yaron bai ce kuɗi ba su shigo ba. Cewa ya yi, "Alhaji, ko za ka duba taka wayar, yau netwok ɗin yana wahalar da mu." Ya ɗora laifin a kan netwok, bai tuhumi mai saye ba, bai ƙi umarni ba, kaya kuma suka tsaya har aka tabbatar.

Akwai kalmomin da nake hana yarana fara magana da su: "ai", "amma", "me ya sa", "ba na gaya maka ba". Duk ƙofofin gardama ne. Ka saba da "ko", da "na ga kamar", da "ya kake gani, Alhaji". In maganar mai tsawo ce, ka jira ku kaɗai, a hanyar dawowa daga sallar azahar ko bayan ya ci abinci. Ranar da dala ta tashi ko kaya suka maƙale a tashar jirgin ruwa, ka haɗiye ta sai gobe. Wanda yake ganin lallashi ƙasƙanci ne ya tuna aya ta 44 a Suratu Ɗaha, inda aka umarci Annabi Musa da Annabi Haruna, amincin Allah ya tabbata a gare su, da su yi wa Fir'auna magana mai laushi. Maigidanka kuwa Musulmi ne mai ba ka abinci yana koya maka sana'a.

Mataki na huɗu: in ya ji ka ya nace, ka yi aikin, ka yi shi da kyau, ka rubuta rana da adadi. In abin ya lalace daga baya, kada "ai na faɗa" ta fito daga bakinka. Ya tuna sarai, kuma shirunka ne zai sa gobe ya tambaye ka kafin ya yanke.

Na biyar, akwai umarnin da ba a bi. In aka ce ka tauye awon yadi, ko ka rantse wa mai saye cewa shaddar Sin Getzner ce, ko ka kira kwaikwayo Holan, to babu biyayya ga abin halitta a cikin saɓa wa Mahalicci. Amma ko a nan abu ɗaya za ka ƙi, a keɓe, cikin gajeriyar magana: "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan ba zan iya rantsuwa a kai ba, sa ni wani aikin." Ba wa'azi, ba kai labari shagon maƙwabci.

In kuwa abin ya wuce zafin umarni ya kai ga zagin iyaye ko duka, kada ka tsaya ramawa, kada kuma ka jefar da makulli ka fice. Ka ƙarasa yinin, da dare ka sami wanda ya kawo ka shagon, babanka ne ko kawunka, ka gaya masa komai har da naka laifin. Shi zai nemi dattijon da maigida ke jin nauyinsa a layin, su zauna. In rabuwar ce, a yi lissafi a gaban shaidu, ka miƙa littafi da makulli hannu da hannu, domin duk shagon da za ka nema a Kwari bayan nan, tsohon maigidanka za a fara tambaya.