Darasi na Bakwai: Dasa Furen Wuni Guda da Kula da Shi

Furen wuni guda, wanda masana tsirrai ke kira Hemerocallis, asalinsa daga gabashin Asiya ne, musamman Sin da Koriya da Japan. Kowane fure wuni ɗaya yake yi ya yanƙwane, amma da yake kara ɗaya yana ɗauke da toho masu yawa da suke buɗewa bi da bi, shuka ɗaya takan yi makonni tana fure. A wannan darasi za mu ɗauki iri guda mai suna Stella de Oro, wanda wani mai lambu a Amurka, Walter Jablonski, ya samar a shekarar 1975. Gajere ne, tsayinsa kimanin santimita 30, furensa ruwan ɗorawa, kuma ya yi farin jini ne saboda yakan sake fure sau da yawa a shekara.

Kafin a kashe kuɗi a kansa, ya kamata a san halinsa. Yana cikin irin da ganyensu ke bushewa idan sanyi ya shigo, su huta, sannan su sake tsirowa, kuma wannan hutu yana ƙara musu ƙarfi. Saboda haka ya fi jin daɗin wuri mai sanyi kamar tsaunukan Jos da Mambila. Wanda yake zaune inda bazara ke da zafi ƙwarai, gara ya nemi irin da ganyensa ba ya bushewa duk shekara, domin su suka fi jure wa ƙasashe masu ɗumi.

A zaɓi wurin da rana ke samu na awa shida a wuni, kuma inda zafi ya yi yawa, ranar safe da inuwar yamma sun fi. Ƙasar ta kasance wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, domin saiwoyinsa masu kauri ne, suna ajiye ruwa kamar ƙananan rogo, kuma idan suka daɗe cikin taɓo sai su ruɓe. Idan ƙasar laka ce, a yi kunya a dasa a kai. Ba a shuka wannan iri da ƙwaya, domin abin da zai fito ba lallai ya yi kama da uwarsa ba. Ɓangaren shuka mai saiwa da ganye ake dasawa.

Wajen dasawa ne aka fi yin kuskure. A haƙa rami mai zurfin santimita 30, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, sannan a tara ɗan tudu a tsakiyar ramin, a ɗora shukar a kai, a baje saiwoyin su sauka ta kowane gefe. Wuyan shukar, wato inda saiwa ta haɗu da ganye, kada ya nutse fiye da santimita biyu ko uku a ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya binne wuyan da zurfi zai ga ganye kore shar, ya yi ta jiran fure bai gani ba, har ya ɗauka irin ne ba shi da kyau, alhali kuwa zurfin rami ne. A bar tazarar santimita 45 tsakanin shuka da shuka, a danne ƙasa da hannu, a ba da ruwa sosai.

Bayan ya kama, ban ruwa mai yawa sau ɗaya ko biyu a mako ya fi yayyafi na kullum, kuma a zuba a gindi, a rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa don danshi ya daɗe. Kada a cika masa takin zamani irin su yuriya, domin ganye zai yi ta yi, fure ya ragu. Stella de Oro yana saurin ɗaure ’ya’ya, don haka duk furen da ya yanƙwane a tsinke shi tare da ɗan kumburin da ke ƙarƙashinsa, in ba haka ba ƙarfin shukar zai tafi wajen yin ƙwaya.

Bayan shekara uku ko huɗu gindin yakan cunkushe, furen ya ragu. A tone shi gaba ɗaya bayan ya gama fure, a wanke ƙasar, a rarraba shi da hannu ko da wuƙa mai tsabta yadda kowane kashi zai sami tsiro biyu ko uku da saiwarsa, a rage ganyen zuwa santimita 15, a sake dasawa nan take.

Cutar da ta fi damunsa ita ce tsatsa, wadda ake gane ta da ɗigo-ɗigon gari ruwan lemo a bayan ganye. A yanke ganyen da ya kamu a ƙone shi. Darɓa kuwa, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ruwan ganye, ruwan sabulu kaɗan yana maganinta. A Sin ana busar da tohon wani nau’insa a zuba a miya, amma wannan ba dalili ba ne na cin na lambu, kuma duk gidan da ake kiwon kyanwa a nisanta ta daga shukar, domin ko ganye kaɗan ta ci yana iya lalata mata ƙoda.