Yadda zaka haɗa wa babur ɗinka tirafiketa ta LED da hannunka

Duk wanda yake hawa babur a garin nan ya san matsalar tirafiketa, yau ƙwai ya ƙone gobe jijjiga ta tsinka zaren cikinsa, in kuma batir ya yi sanyi sai ka ga tana wani lumshe ido kamar mai jin barci, na bayanka bai ma san zaka shiga kwana ba. Ni abin da ya sa na zauna na haɗa tawa kenan, kuma wallahi aikin ba wuya indai ka iya riƙe ayon ɗin soda. Gidan tirafiketar da ke jikin babur ɗin da shi zamu yi amfani, cikinsa kawai zamu canja.

Kayan aikin duk zaka same su wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin, in a Kano kake ka leƙa Sabon Gari, rile kuma, wato ɗan abin da ke sa fitilar ƙiftawa, wajen masu sifiya na babur. Kowace fitila ɗaya tana son LED guda 16 masu girman milimita 5, rasista (mai rage ƙarfin wuta) guda 4 mai om 270, dayod (mai barin wuta ta wuce ta hanya ɗaya kawai) 1N4007 guda ɗaya, sai ɗan allon nan mai huji-huji da ake ce wa vero, da dalmar soda da waya da mitar auna wuta. Fitila huɗu ne a babur, toh sai ka ninka, ka ƙara 'yan kaɗan a kai don dole wani ya ƙone a gwaji.

Wajen sayen LED ɗin ka tsaya ka zaɓa, kar a cusa maka fari. Murfin tirafiketa ruwan lemo ne, in ka sa farin LED a bayansa murfin zai shanye hasken da yawa kuma kalar ta fito a koɗe. Ka sayi mai kalar ruwan lemo tun daga asali, shi haskensa wucewa yake ta murfin kusan gaba ɗaya. Sannan ka nemi mai shafaffen kai ko mai kan malafa wanda yake baza haske gefe da gefe, domin mai tsinin kan nan haskensa a tsuke yake kamar tocila, wanda ke bayanka sak zai gani amma mai Keke Napep da ya ɓullo ta gefe ba zai ga komai ba.

Toh ga inda mutane da yawa suke ɓata aikin, wajen lissafi. Ana cewa babur volt 12 ne, haka ne in yana kashe, amma da zarar inji ya tashi ka murɗa totur wutar tana hawa har wajen 14.4 saboda caji, kaga kenan da 14.4 zaka yi lissafi ba da 12 ba. LED ruwan lemo ɗaya yana cin kamar volt 2.1 kuma ba ya son wutar da ke ratsa shi ta wuce miliyam 20. In ka jera huɗu a layi ɗaya sun ci 8.4, dayod ya ci nasa 0.7, jimla 9.1, ka cire daga 14.4 saura 5.3, wannan ragowar ita rasista zata riƙe. Ka raba 5.3 da 0.02, wato miliyam 20 ɗin nan, zai baka om 265, mafi kusa da shi a kasuwa shine 270, zanen jikinsa ja, shunayya, ruwan ƙasa. In babu ka ɗauki 330, haske zai ɗan ragu kaɗan amma zai fi daɗewa. Wani zai ce me zai hana a jera biyar ko shida a rage rasista, kar ka yi, don in ka tsaya a danja inji yana silo wuta ta sauko sai fitilar ta dusashe ko ta ɗauke gaba ɗaya, alhali nan ne ka fi buƙatarta.

Ka kwance murfin, ka cire ƙwan da mazauninsa, ka ɗora takarda a bakin gidan ka zana girmansa, ka yanka vero daidai da shi. Ka jera LED ɗin layi huɗu, kowane layi guda huɗu. Doguwar ƙafa ita ce fozitif, gajeriyar kuma da ke ɓangaren da bakin LED ɗin yake a shafe ita ce negetif. A cikin layi gajeriyar ƙafar na farko zata haɗu da doguwar na biyu, haka har ƙarshe, kowane layi da rasistansa a doguwar ƙafar LED na farko, kar ka yi musu rasista ɗaya na tarayya don in layi ɗaya ya mutu sauran su zasu kwashi wutar su bi shi. Kan rasistocin huɗu sai su haɗu wuri ɗaya su tafi ga dayod ta ɓangaren da yake da zoben nan mai ruwan azurfa, ɗaya ƙafar dayod ɗin ita zata karɓi wutar da ke zuwa daga makunni. Ƙarshen layukan kuma su haɗu su tafi negetif.

Ka danna LED ɗin su zauna daram a kan allon kafin ka sa dalma, in ka bar musu dogayen ƙafafu hanyoyinmu zasu karya su cikin sati biyu. Kuma kar ka daɗe da ayon a kan ƙafa, daƙiƙa biyu zuwa uku ya isa. Ka gwada a kan batir tun kafin ka rufe, layin da bai kawo ba kusan kullum LED ɗaya ne aka juya.

Da ka ɗaura a babur zaka ga abin mamaki, ko dai ta riƙa fat-fat-fat da sauri ko ta kawo ta tsaya cak ba ƙiftawa. Ba aikinka ne ya ɓaci ba. Tsohon rile da nauyin ƙwai yake aiki, ƙwan babur yawanci wat 10 ne, naka kuma da ƙyar ya wuce wat 1, shi rile a wajensa kamar ƙwai ne ya ƙone. Wasu rewaya sukan ƙara ƙaton rasista na wajen om 15 don ya yi nauyin ƙwai, yana aiki, amma ni ban so, zafi yake yi sosai kuma wutar da LED zai tattala maka ita yake zubarwa. Ka sayi rile na LED mai ƙafa biyu, B tana karɓar wuta daga makulli, L tana tafiya makunnin hannu, ka zare tsohon ka soka sabon shikenan. Ka ƙirga ƙiftawar da agogo, tsakanin 60 zuwa 120 a minti ɗaya ake so.

Akwai kuma wata, in fitilar sigina da ke kan mitar gudu guda ɗaya ce ta hagu da dama, kana kunna hagu sai huɗun duk su kama, saboda wuta tana sulalewa ta cikin ɗan ƙwan nan zuwa ɗaya ɓangaren, da can bata isa ta kunna ƙwai ba amma LED ko kaɗan ya ishe shi. Maganinta dayod biyu, ɗaya daga wayar hagu ɗaya daga ta dama, bakinsu mai zobe ya haɗu a ƙafa ɗaya ta ƙwan, ɗaya ƙafar ka kaita negetif. Wayoyin a babura masu bin tsarin Honda, harda na China da yawa, ruwan lemo hagu ne, shuɗi mai haske dama, kore negetif, ruwan toka daga rile. Amma babur ɗin da ya sha hannu kar ka yarda da kala, ka sa mita ka tabbatar.

Ina roƙon 'yan uwa masu yawo da mataccen batir ko ma ba batir ɗin sam, ku fara gyara wannan tukuna. Batir shi yake daidaita wutar, in babu shi tana tsalle, ƙwai zai jure na ɗan lokaci amma LED take yake tafiya. Ka auna bakin batir kana ba da wuta, in mita ta haura volt 15 rektifaya, wato mai daidaita cajin batir, ta lalace, a canja ta kafin a ɗaura komai. Fis ɗin da aka ɗaure da waya shima a mayar da na gaske.

Wajen rufewa kar ka yi amfani da gam ɗin kyandir, ranar watan Afrilu sakinsa take yi. Ka sa ifoksi ko silikon wanda ba ya warin tsami, mai warin tsamin yana cin tagulla a hankali. Ka shafe bayan allon da ramin da waya ta fito, ka bar ɗan huji a ƙasan gidan don raɓa ta samu hanya lokacin damina. In ya bushe ka fito da babur ɗin tsakar rana, ka kunna, ka taka kamar taku talatin baya ka duba, ka koma gefe ka sake dubawa, in baka ganta sosai ba ka buɗe ka ƙara layi ɗaya da rasistansa.