Darasi Na Tara: Zaɓen Littafi Da Kayan Wasa Don Koya Wa Yaro Karatu A Gida

To jama'a, darasin yau na ƙananan yaran da kuka baro a gida ne, 'yan shekara 3 zuwa 6, wanda kuɗin nasare ya gagara ko makarantar ta yi nisa ko dai kawai bai isa shiga ba. Ke da kika fara haɗa baƙi a ajin nan, abin da kike da shi ya isa ki fara ɗora ɗanki, kai ma maigida haka, kar ka ce aikin mata ne. Amma ku sani dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa yaro firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan, don haka karatun gida share fage ne, in ya kai shekara 6 a kai shi aji ɗaya.

Mu fara da littafi tunda nan kuɗi ya fi salwanta. Za ki je kasuwa, mai littafi ya miƙo miki wani mai ƙyalli da hotuna kala-kala ya ce Hajiya wannan shi ake yayi, ki biya ki kawo gida, yaro ya wuni yana rera e fo aful, bi fo bol, kowa na murna wai ya iya Turanci, amma ki nuna masa harafi ɗaya a jikin gwangwanin madara sai ya tsaya yana kallonki. Waƙa ya haddace. Shi yasa nake cewa ku fara da Hausa, domin baƙaƙenmu yadda aka rubuta haka ake faɗa, wasula biyar ne, a e i o u, in ya kama ba be bi bo bu da ka ke ki ko ku, gobe sai ki ga ya haɗa ba da ba ya ce baba, ya haɗa ka da za ya ce kaza, kuma ya san kaza, tana nan tsakar gida. Turancin zai zo, kuma ya fi sauƙi wurin yaron da ya riga ya gane yadda baƙi ke haɗuwa da wasali.

Kafin ki biya, buɗe tsakiyar littafin ki karanta shafi ɗaya da ƙarfi nan gaban mai shagon, kar ki ji kunya. In ke kanki kina tuntuɓe to ya fi ƙarfin yaron, ajiye shi. Ki duba rubutun manya ne, layi biyu ko uku a shafi, hoton ya dace da maganar. Sannan ki nemi baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, don akwai masu buga littafi da ba ruwansu da su, alhali fada daban faɗa daban, kafa daban ƙafa daban, yaron da ya tashi da littafin da bai bambanta su ba zai daɗe yana shan wuya. Ki ƙirga shafukan kuma, na jabu sun yi yawa, wani shafin dishi-dishi wani ma babu shi. Ka Koyi Karatu na kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya tsohon littafi ne da iyayenmu da yawa suka fara da shi, hawa-hawa yake tafiya, in kin samu ki fara da na ɗaya kar ki yi tsalle.

Manhaja kuwa, wato tsarin abin da za a koyar da wanda zai biyo bayansa, hukumar NERDC ce ke tsara ta makarantun Najeriya, ba sai kin saya ba. Ki je firamaren unguwarku ki gaida malamar aji ɗaya, ki roƙe ta ta faɗa miki abin da suke yi a zangon farko, ki rubuta a littafinki. Wadda ake turowa a waya daga Amurka ko Ingila da lissafin dala da hoton ƙanƙara, ki bar musu kayansu. Minti 15 zuwa 20 a rana ya wadatar, kuma kar a haɗa shi da lokacin da ya dawo daga makarantar allo a gajiye. Wani abu ma, a allo daga dama yake farawa, a boko daga hagu, in ya juya miki rubutu ba dakikanci ba ne, ki ɗiga masa alama da jan biro a gefen hagu ki ce daga nan ake tashi.

Sai wasa, nan kam mu masu arziki ne ba mu sani ba. Carafke ƙirga ce zalla. 'Yar gala-gala, ki zana ta a ƙasa ki rubuta gaɓa ɗaya, kamar ba ko ka, a kowane gida, duk inda ya dira sai ya faɗa kafin ya wuce. Dara gurbi 30 ce kowa da 'ya'ya 12, ta ɗan shekara 6 ce zuwa sama, baba ko kaka ya zauna da shi bayan la'asar. Lido ma yana da amfani don dole ya ƙirga ɗigon ya ƙirga gidan. Ni wanda na fi so shi ne wasan kasuwa, ki yanka takarda ki rubuta 10, 20, 50, ki jera murafen lemo da gwangwanaye, shi ne mai tireda ke ce mai saye, ki ce malam ina canjina, za ki sha dariya kuma lissafi na shiga. Da dare a yi gatanan gatananku, in kin kai inda Gizo ya shiga uku ki tsaya ki ce to kai me kake gani zai yi, ki bar shi ya yi surutunsa har ya ƙoshi.

Motar batir mai kiɗa da fitila sati guda take yi ta mutu, kuma kallonta kawai yake. In akwai ɗan ƙasa da shekara 3 a gidan a kula da wake da duwatsu da murafe, musamman ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli, in ya haɗiye shi a tafi asibiti nan take kar a jira. Waya kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan ƙasa da shekara 2 kar a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, ɗan 2 zuwa 4 kar ya wuce awa ɗaya a rana.

Aikin wannan satin: kowa ya nemi kwalin taliya ko na sukari ya yanka gida goma, ya rubuta waɗannan da manyan baƙaƙe: ba, ka, za, ra, go, ma, sa, ki, fi, da. Ku zauna da yaron ku ga kalma nawa za ku haɗa, ku rubuta su a littafin aikinku, ku zo da katin da littafin ranar aji mai zuwa.