Yadda ake sauraron sabon album na ƙungiyar metal da ta daɗe shiru

Mu da ke jin kiɗan metal, wato kiɗan gita da ganga mai nauyi da ƙara, a nan Damagaram ba mu da yawa, a fada ɗaya da ƙyar ka samu mutum biyu, saura cewa suke hayaniya ce kawai. To ga ku 'yan kaɗan ɗin nake wannan magana, dan na lura in wata tsohuwar ƙungiya ta dawo da sabon album bayan shekaru, sai mutum ya buɗe waƙa ɗaya a waya, ya ji minti biyu, ya ce ai sun tsufa, ya rufe. Wallahi abin na min ciwo, aikin da mutane suka sha wuya a kai ba a yanke masa hukunci haka.

Kafin ka danna komai, fara binciko su wa suka dawo, kuma me ya tsayar da su tun farko, dan sau da yawa sunan ne ɗaya amma mutanen sun canza. Ɗauki Black Sabbath na Birmingham a Ingila, da suka fara tun 1968. A 2013 suka fitar da album mai suna 13, shi ne album na studiyo na farko da Ozzy Osbourne ya rera musu tun 1978, shekara 35 ke nan fa. Amma mai ganga na asali Bill Ward bai shiga ba saboda ba su daidaita kan kwantaragi ba, Brad Wilk ne ya buga, kuma Tony Iommi mai gita yana fama da ciwon daji a lokacin, yana zuwa magani yana dawowa studiyo. In ka san wannan ba za ka zauna kana mamakin me ya sa ganga ta canza tafiya ba, kuma gitar nan za ka ji ta da wani kunne daban. Haka Carcass na Liverpool, daga 1996 sai 2013 suka sake fitar da album, mai gangarsu Ken Owen ya samu zubar jini a ƙwaƙwalwa a 1999 ba zai iya bugawa kamar da ba, sai suka ɗauko Daniel Wilding.

Daga nan koma ka saurari album ɗin ƙarshe da suka yi kafin su tsaya. Ba wanda ya fi suna ba, na ƙarshen nake nufi, dan daga wurin suka ajiye kaya.

Sai maganar kayan ji, kuma nan ne mutane suka fi cutar kansu. Lasifikar waya ba ta fitar da bas ko kaɗan, alhali nauyin metal a ƙasa yake, a bas da gangar ƙafa da gitar da aka sassauta wa tsirkiya. Shi Iommi tun yana ɗan shekara 17 inji ya cire masa kan yatsu biyu a masana'anta, wannan na cikin abin da ya sa daga baya yake sassauta tsirkiya, sauti ya yi ƙasa ya yi kauri, to in a lasifikar waya ka ji duk wannan ya ɓace sai ƙaiƙayin sama kawai. Nemi ekuter mai kyau wanda ke toshe kunne, ko bafal mai bas, ko aro ne. Ka sayi forfe na dare lokacin da rezo ya fi sauƙi ka sauke album ɗin gaba ɗaya, kar ka dogara da sauraro kai tsaye, dan waƙar minti goma in ta tsinke a tsakiya ta lalace. Ka cika batir tun da rana.

Ka ji album ɗin a jere daga farko har ƙarshe, kar ka tsallake. Tool na Amurka sun yi shekara 13 ba album, daga 2006 zuwa 2019, da suka dawo manyan waƙoƙin duk sun wuce minti goma goma, wasu sai sun yi nisa kafin wutar ta kama, mai gaggawa ba zai taɓa isa wurin ba. Ni bayan isha nake zama, in gari ya yi sanyi kabu-kabu sun rage, na ɗora shayi na bar shi yana dahuwa a hankali. Jin farko kar ka auna komai. Na biyu bi ganga da bas kaɗai. Na uku sai murya da kalmomi, kuma ka nemi fassararsu dan ka san me kake sa wa kunnenka, wasu kan yaƙi da mutuwa da zalunci suke magana, wasu kuma ba za su dace da kai ba, sai ka bar su.

Muryar nan ita ce ake yawan ƙorafi a kai. Ɗan uwanka da ya tafi Libiya ci-rani ya dawo bayan shekara goma sha, ba za ka ce sai ya zo da fuskar da ya tafi da ita ba, tambayarsa za ka yi me ya gani a can. Mutum mai shekara sittin da wani abu ba zai yi ihun ɗan ashirin ba, abin dubawa shi ne ko akwai abin da ke cin ransu har yanzu, ko kuwa tsofaffin waƙoƙinsu suka sake wa riga dan a samu na zagayen wasa. Wannan kunne na ganewa, amma sai an ba shi kamar sati.

In za ka kai album ɗin fada, kar ka fara musu da mafi zafi. Mutanenmu sun san gitar Bombino da ta Mdou Moctar, zaɓo waƙa mai tafiya a hankali da dogon solo ka fara da ita, ka rage ƙara saboda maƙwabta, in an kira salla ka kashe.